Amosanin gaɓɓai da DNA na jikin mutum: abin da ya tabbata da abin da ake taƙaddama a kai

A shekarar 2024 aka ba Zhijian Chen, masani haifaffen ƙasar Sin da ke aiki a birnin Dallas na Amurka, lambar yabo ta Lasker, ɗaya daga cikin manyan lambobin fannin likitanci a duniya. Abin da ya jawo masa ita shi ne gano wani furotin mai suna cGAS, wanda aikinsa sansano DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, idan ya bar wurinsa a cikin jiki, da tayar da garkuwa. Cikin cututtukan da ake dangantawa da wannan furotin har da amosanin gaɓɓai. Sai dai irin wannan labari kafin ya iso wayar mutum a Katsina ya riga ya guntule, ya koma wai an gano DNA ne ke kawo sanyin ƙashi. Daga nan tambayoyi ke tasowa. Ke nan ciwon gado ne? Gwajin DNA zai nuna shi? An sami sabon magani da ya kamata a nema? Kafin a amsa, sai an fara ware wane amosani ake magana a kai.

Ba kowane sanyin ƙashi ba ne

Abin da ake haɗawa a kira sanyi ko amosani, a asibiti cututtuka ne daban-daban. Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, mai kama gwiwa da ƙugu idan shekaru sun ja, ya tsananta bayan tafiya, ya lafa in an huta. Akwai gawut, wanda kan far wa babban yatsan ƙafa cikin dare. Akwai ciwon ƙashin masu sikila, wanda toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa. Akwai kuma wanda ƙwayar cuta ta shiga gaɓar da kanta, har da ta tibi da wadda ake ɗauka a madarar da ba a tafasa ba.

Binciken DNA ya fi shafar kashi na dabam, wanda garkuwar jiki ce ke juyowa ta yi ɓarna: rumatoyid, mai kama gaɓɓai, da lufus, wanda ban da gaɓɓai kan taɓa fata da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke fama da rumatoyid a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata. Kamanninsa ba ɓoyayyu ba ne. Mace ta tashi da asuba yatsun hannu biyu sun sanƙare, gaɓoɓin tsakiya sun kumbura, zobe ya ƙi fita, riƙe buta ya zama aiki, matse wanki kuwa ba a magana. Sai hantsi ya dubi ludayi hannun yake ɗan saki. Ciwon yakan lafa lokacin goyon ciki ya dawo da ƙarfi bayan haihuwa, shi ya sa ake yawan ɗora laifin kan rashin wankan jego yadda ya kamata, alhali sauyin da garkuwa ke yi bayan haihuwa ne.

A cikin gaɓar, wani siririn tantani da ya lulluɓe ta daga ciki ne ke kumbura ya yi kauri. Fararen ƙwayoyin jini su cika shi, su dinga fitar da sinadaran kumburi, musamman TNF da IL-6 da IL-1. Waɗannan ke sa a narkar da guringuntsi, a kuma zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi, har yatsa ya karkace. An daɗe da sanin wannan. Abin da ake ta nema shi ne me ke hana kumburin mutuwa, tunda babu wata ƙwayar cuta a gaɓar da ake yaƙa.

Yadda jiki ke gane DNA da ya bar wurinsa

Jiki an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sel. Ban da jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace sel na ɗauke da DNA da idan aka miƙe shi zai kai mita biyu, a dunƙule cikin cibiyarta. Akwai wani ɗan kaɗan kuma a cikin maitokondiriya, wato sassan da ke samar wa sel ƙarfin aiki. Wurare biyun nan ne mazauninsa. Ruwan da ya cika sauran sel ɗin bai kamata a ga DNA a cikinsa ba.

Bakteriya da wasu bairos su ma da DNA ɗinsu, kuma zaren iri ɗaya ne da namu. Saboda haka garkuwa ba ta iya dogara ga kamanni kaɗai, ta fi dogara ga wuri. Wuta a murhu girki ce, wuta a jikin zana gobara ce, kuma mai ihun gobara ba ya tsayawa tambayar daga murhun wa ta fito. Haka masu sansano DNA suke.

Uku daga cikinsu suka fi shiga wannan magana. Na farko TLR9, wanda ɗakin binciken Shizuo Akira a Osaka ta Japan ya bayyana aikinsa a 2000. Yana zaune cikin ƴan jakunkunan da sel ke haɗiye abubuwa a ciki, yana kama DNA mai wata alama da ta fi yawa a bakteriya, amma namu ma yakan tayar da shi idan ya taru a wurin. Na biyu AIM2, da aka fayyace a 2009, wanda idan ya kama DNA yake sa a saki IL-1, sel ɗin kuma ta fashe ta mutu.

Na uku cGAS, shi ne aka fi zurfafa bincike a kansa. Ba ruwansa da abin da aka rubuta a jikin DNA, muddin zare biyu ne a haɗe kuma yana da ɗan tsawo zai kama shi. Da ya kama sai ya haɗa wani ƙaramin sinadari, cGAMP, wanda ke zuwa ya manne a furotin STING. Glen Barber da abokan aikinsa a Miyami ne suka bayyana STING a 2008, shekara biyar kafin Chen ya gano abin da ke kunna shi. STING kan taso daga inda yake ya koma wani sashe na sel, daga can ya buɗe hanya biyu: ɗaya ta intaferon, sinadarin yaƙar bairos, ɗaya ta TNF da IL-6. Hanya ta biyun ita ce ta haɗe da abin da ake gani a kumburarriyar gaɓa.

Don kada wannan tsari ya dinga tashi kan DNA na gida, jiki na da sinadarai masu sassare DNA da ya ɓace hanya. DNase1 da DNase1L3 na aiki a cikin jini, DNase2 a cikin jakunkunan narkarwa na sel, TREX1 a ruwan sel. Aikin ba ƙarami ba ne. A kowace daƙiƙa ɓargo na fitar da jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan biyu, kuma kowace sai ta tofar da cibiyarta kafin ta shiga jini. Wasu manyan fararen ƙwayoyi da ake kira makrofej ne ke haɗiye cibiyoyin nan, DNase2 ya narkar da su. Ga kuma biliyoyin sel da ke mutuwa kullum su ma a haɗiye.

Ɓerayen Osaka

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga nan. Shigekazu Nagata da tawagarsa a Jami'ar Osaka sun samar da ɓeraye marasa DNase2. Makrofej ɗinsu suka cika da DNA da bai narke ba, suka dinga fitar da intaferon, ƴaƴan suka mutu tun suna ciki saboda ƙarancin jini. Da aka cire musu abin da ke karɓar saƙon intaferon, sai aka haife su lafiya. Amma da suka girma sai gaɓoɓinsu suka kumbura, guringuntsi da ƙashi suka lalace, jininsu kuma ya nuna alamun da ake aunawa a masu rumatoyid. An wallafa wannan a 2006. Da aka ba su maganin toshe TNF, ciwon ya ragu.

Abu biyu ne ke da muhimmanci a nan. Babu ƙwayar cutar da aka sa musu, DNA na jikinsu kaɗai ya isa. Sannan amosanin ya taso ne duk da an toshe intaferon, ke nan ta hanyar TNF da ƴan uwansa ya biyo. A 2012 ɗakin binciken Barber ya nuna cewa idan aka cire STING daga irin waɗannan ɓeraye, suna rayuwa kuma amosanin ba ya tasowa. Daga baya aka ga AIM2 ma na da nasa kason a kumburin.

A jikin mutane fa?

Akwai wasu cututtukan gado da ba a cika samu ba da suka nuna abin na faruwa ga mutum. A 2017 an bayyana yara da aka haifa da naƙasar DNase2, masu ƙarancin jini tun haihuwa da ciwon ƙoda da hanta, cikinsu har da mai karkacewar gaɓɓai. A 2011 an gano wasu iyalai a yankin Larabawa, a binciken da likitocin Saudiyya suka jagoranta, da rashin DNase1L3 ke sa ƴaƴansu kamuwa da lufus tun suna ƙanana. Cutar COPA, wadda aka bayyana a 2015, tana haɗa amosanin gaɓɓai da ciwon huhu, kuma daga baya an gano cewa STING ne ke maƙalewa a kunne ya ƙi mutuwa.

Mai rumatoyid na yau da kullum ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan naƙasu. Sinadaransa masu sassare DNA suna nan. Tambayar ita ce ko DNA ɗin da ke zuba a gaɓarsa ya fi ƙarfinsu, kuma daga ina yake fitowa.

Hanya ta farko ita ce sel da ke mutuwa. Kumburarriyar gaɓa wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin da yawan mutuwar sel, kuma an auna DNA mai yawa a ruwan gaɓar masu rumatoyid. Ta biyu maitokondiriya. DNA ɗinta ya yi kama da na bakteriya, kuma masana a Gotenbag ta Suwidin sun nuna cewa idan aka yi allurarsa a gwiwar ɓera yana kawo amosani. Wani bincike na 2021 ya ƙara wani abu mai ɗaukar hankali: idan TNF ya daɗe yana aiki a kan sel, yana raunana maitokondiriya har DNA ɗinta ya tsiyayo, cGAS ya kama shi, kumburi ya ƙaru. Ke nan kumburi na fitar da DNA, DNA na ƙara kumburi, abin ya dinga zagayawa. Wannan ne ya fi kusa da amsa dalilin da ya sa ciwon ba ya mutuwa da kansa.

Ta uku kuwa niyutrofil ne, fararen ƙwayoyin jini mafi yawa. A 2004 aka gano cewa sukan watso DNA ɗinsu waje kamar raga don kama ƙwayoyin cuta. A 2013 aka nuna cewa niyutrofil na masu rumatoyid sun fi saurin yin haka, kuma ragar na ɗauke da furotin da aka ɗan sauya musu siffa. Waɗannan sauyayyun furotin su ne garkuwa ke yi wa antibodi, wato makamin da take ƙerawa don kama abin da ta ɗauka baƙo ne, kuma shi gwajin anti-CCP ke aunawa. Shan taba na ƙara irin wannan sauyi a huhu, kuma taba na cikin abubuwan da aka fi tabbatarwa suna ƙara haɗarin rumatoyid.

A lufus maganar ta fi fitowa fili. Jiki na yin antibodi ga DNA ɗin kansa, antibodin ya manne da DNA, a haɗiye su tare zuwa jakar da TLR9 yake, intaferon ya hau. Shi ya sa gwajin anti-dsDNA ke cikin gwaje-gwajen gane lufus.

Inda masana suka saɓa

Wani ɓangare na ganin DNA na gida na cikin abin da ke fara kunna ciwon, kuma toshe cGAS ko STING zai tare kumburi tun daga sama, kafin a kai ga TNF. Hujjarsu ɓerayen Osaka, da cututtukan gadon nan, da gwaje-gwajen dabbobi inda cire cGAS ya rage kumburin gaɓa.

Ɗaya ɓangaren na cewa a yi hattara. Ɓeran da aka cire wa DNase2 gaba ɗaya ba shi ne matar da ke da rumatoyid ba. Ciwon nasa na tasowa ko da babu fararen ƙwayoyin jini nau'in T da B, alhali a mutum suna tsakiyar ciwon, kuma magungunan da ke danne su suna aiki. Suna kuma nuni da gwaje-gwajen da suka ba da akasin abin da aka zata: a wasu ɓeraye masu lufus cire STING ya tsananta ciwon, cire TLR9 ma haka. Ashe masu sansano DNA ba tayar da kumburi kaɗai suke yi ba, wani lokacin suna taka masa burki. Ga kuma cewa maganin toshe intaferon, anifrolumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2021, na lufus ne, ba a amince da shi don rumatoyid ba.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, abin da hujja ta fi goyon baya shi ne: a cututtukan gadon nan DNA ne musabbabi, a lufus babban jigo ne, a rumatoyid kuwa mai rura ciwo ne bayan ya riga ya kama, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A amosanin zaizayewa an fara ganin alamun aikin STING a tsofaffin ƙwayoyin guringuntsi, amma yawancin hujjar daga dabbobi ce da sel na ɗakin gwaji.

Tambayar gado ma ta sami amsa daga nan. Akwai abin da ake gada da ke ƙara haɗari, musamman wani nau'i na ƙwayar gado ta garkuwa mai suna HLA-DRB1, amma ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu da rumatoyid, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne ɗan uwansa ke kamuwa. Gwajin DNA irin na tabbatar da uba ba shi da alaƙa da wannan ko kaɗan.

Abin da ya shafi mai ciwo a Katsina

Har zuwa ƙarshen 2024 babu wani maganin toshe cGAS ko STING da aka amince a ba marasa lafiya. A lokacin wasu na matakin farko na gwaji a jikin mutane. Duk wanda ya tallata maganin wanke DNA ko gyara shi don amosani, babu wannan binciken a bayansa.

Sai dai wasu magungunan da ake da su tuni suna taɓa wannan hanya. Haidroksiklorokwin, ɗan uwan klorokwin na zazzaɓin cizon sauro, yana taruwa a jakunkunan da TLR9 yake ya hana shi aiki, kuma gwajin ɗakin bincike ya nuna yana hana cGAS kama DNA. Shi ne ginshiƙin maganin lufus, ana kuma haɗa shi da wasu a rumatoyid. Ƙa'idarsa kada ya wuce miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 kada ya haura 300. Yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa, kuma mai shansa shekara da shekaru sai ana duba masa bayan ido, domin yana iya lalata gani a hankali ba tare da zafi ba. Klorokwin na kemis ba madadinsa ba ne. Tofasitinib da barisitinib kuwa suna toshe saƙon intaferon da IL-6 a cikin sel, amma suna da tsada kuma suna ƙara haɗarin kamuwa da cututtuka da daskarewar jini.

Maganin farko na rumatoyid har yanzu metotreksat ne. Sau ɗaya ake shansa a mako, yawanci daga miligiram 7.5 zuwa 25, tare da folik asid. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne shansa kullum kamar sauran ƙwayoyi, wanda ke kashe ɓargo, baki ya yi gyambo, har ta kai ga rasa rai. Ba a haɗa shi da Septrin, maganin da mutane ke saye kai tsaye don tari ko gudawa, saboda su biyun suna danne ɓargo tare. Yana naƙasa ɗan tayi, don haka mai ciki ba ta sha, mai neman haihuwa kuma sai ta gaya wa likita tun da wuri a canza mata. Ana kuma auna jini da hanta da ƙoda kafin a fara da kuma lokaci-lokaci.

Abin da ya fi cutar da mutane a nan shi ne jinkiri. Watannin farko bayan fara kumburi su ne lokacin da magani ya fi tare ɓarna, kuma ƙashin da ya riga ya zaizaye ba ya dawowa. Galibi waɗannan watanni kan tafi a tsaga da ƙaho da haɗin kemis na diklofenak da deksametason. Haɗin na kwantar da zafi da sauri, shi ya sa ake yarda da shi, amma diklofenak ba ya hana gaɓa lalacewa, kuma yana cin ciki da ƙoda. Deksametason na tsawon lokaci na kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansa ba ya yanke shi dare ɗaya, sai an rage masa a hankali.

Wanda ƙananan gaɓoɓin hannu ko ƙafa suka kumbura a ɓangare biyu, suna sanƙarewa fiye da rabin awa da safe, abin ya kai mako shida, ya nemi babban asibiti, a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko makamancinsa in da hali. Gwajin da za a nema su ne ESR ko CRP don auna kumburi, RF da anti-CCP, da hoton hannu da ƙafa. Idan akwai zubewar gashi, gyambon baki, ƙurajen fuska masu tsananta a rana ko fitsari mai kumfa, sai a ƙara ANA da anti-dsDNA da gwajin fitsari. Gwajin RF da ya fito babu komai bai kore rumatoyid ba, akwai masu ciwon da jininsu ba ya nunawa. Gaɓa ɗaya tak da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi kuwa ba ta jiran mako shida, musamman ga yaro ko mai sikila, domin ƙwayar cuta na iya cinye guringuntsi cikin ƴan kwanaki.

Idan magungunan cGAS da STING suka tsallake gwaji, akwai tambayar da ta fi damun yankinmu fiye da ƙasashen da ake ƙera su. Wannan hanya ita ce jiki ke gane bairos masu DNA da ita, tana kuma cikin martanin da sel ke yi wa ƙwayar tibi. Magungunan toshe TNF sun riga sun nuna yadda tibi da ke kwance a jiki da ciwon hanta nau'in B ke farkawa idan aka danne garkuwa, shi ya sa ake gwada duka biyun kafin a fara su. A Najeriya, inda cututtukan biyu suke da yawa, duk wani sabon magani na wannan hanya sai an tantance shi ta wannan fuska, kuma asibitin da zai ba da shi sai yana da halin yin hoton ƙirji da gwajin hanta kafin farawa da kuma bayan an fara.